Kiɗan da Legas ta saba wa kunnenka, da wanda kake ji a ɓoye

Mai Albasa, Mile 12

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ikko. Bana shekarata 14 ina sauke albasa a kasuwar Mile 12, daga Aliero nake. Ranar da na shigo garin nan babu komai a memorin wayata sai Ɗanƙwairo da Shata da Ɗan Anace, kuma ko kuɗi ka ba ni ba zan zauna in saurari kiɗan Yarbawa ba. Hayaniya kawai kunnena yake ji.

Wata yamma na shiga danfo daga Ketu za ni Oshodi, gosulo ya riƙe mu wajen Ojota, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Direban dattijo ne, ya karya hularsa gefe guda. Ya kunna wani tsohon kiɗa ƙasa-ƙasa, sai na ji goge. Goge sak, irin wanda nake ji ina yaro a ƙauye, izga tana kuka a ƙarƙashin muryar wani tsoho da ba ya gaggawa. Tsigar jikina ta tashi. Na taɓa kafaɗar direban na ce, Baba, wane ne wannan? Ya ce Yusuf Olatunji ne na Abeokuta, kiɗan kuma sakara. Su ma goje suke ce masa, harafi ɗaya ya raba mu. Mutumin ya rasu tun 1978, ban ma zo duniya ba, amma washegari sai da na je wurin mai turin waƙoƙi ya cika mini waya. Har yau ba na jin rabin abin da yake faɗa, kuma ba na gajiya da shi.

To ku fa? Wane kiɗa kuka tsinta a nan? Wanne kuma kuke rage masa murya in an yi sallama?

Tela, Agege

Wa alaikumus salam Yaya. Ni a Agege aka haife ni, Yarbanci a bakina kamar Hausa, don haka kiɗan fuji na Yarbawa ba baƙona ba ne. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba, fuji daga azumi ya fito. Samari ne suke zagaya unguwa da dare suna kiɗan da ake kira were don tashin mutane sahur, kamar yadda ake yi a garuruwanmu. Sikiru Ayinde Barrister ya ɗauko shi ya mayar da shi kiɗan kowane lokaci, har ya rasu a 2010. In ka kasa kunne za ka ji jan muryar masu karatu a ciki.

Na ɓoye kuwa Barmani Choge ce. Amada kiɗan mata ne na cikin gida, namiji mai gemu a kan keken ɗinki ba ya kunna ta abokan aiki suna ji. Sai na sa iyafis. Mahaifiyarmu 'yar Funtua ce, garin Barmani, kuma in ana suna a gidanmu ita ke kifa ƙwarya a bahon ruwa tana bugawa, mata suna amshi, mu yara muna leƙe ta bayan labule. Barmani ta rasu a 2013, Inna ta bi ta bayan shekara biyu. In na ji sautin ƙwaryar nan, hannun Inna nake gani da lalle. Akwai ranar da na tsaya cak da wuyan riga a ƙarƙashin allura, yaron shago ya ce Oga lafiya, na ce ƙura ce ta shiga idona.

Maman Biyu, Idi-Araba

Allah ya jiƙan Inna, Malam Tela, ya kai haske kabarinta. Kuma don Allah ka cire iyafis ɗin nan, waƙar neman na kai ce take wa mata, ba abin kunya a ciki.

Ni tawa Indiya ce, tsofaffin. Maigida ba ya so, ya ce kuka ne da ba a san dalilinsa ba, to sai ya fita kasuwa nake kunnawa ina wanke-wanke. A Kano muka taso da su, yayyena suna rera su kalma-kalma alhali ba wadda ta san ma'anar ko ɗaya. Da aka ce mawaƙiyar Indiya Lata Mangeshkar ta mutu a watan Fabrairun 2022, na wuni jikina a sanyaye kamar wata gwaggona ce. Yanzu 'yan biyu ne ke kawo mini na zamani daga makaranta. Wasu kiɗan yana da daɗi, ƙafa na motsawa ba ka sani ba, amma sai na sa sun fassara mini kalmomin tukuna. Guda nawa na goge da hannuna.

Mai Gyaran Waya, Ikeja

Yayyena ku ba ni wuri, nawa labarin daga hamada ya zo. A Computer Village nake aiki. Wani Buzu mai gadi a layinmu ya kawo wayarsa sifika ta mutu. Da na canza, na kunna abin da ke ciki don gwaji, sai jita ta tashi. Ban taɓa jin irinta ba, tana tafiya tana dawowa kamar takun raƙumi, ga tafi a bayanta. Na ce masa kuɗin gyara na yafe, ka bar ni in kwafe.

Daga nan na san Bombino na Agadas, na san Mdou Moctar, shi bahago ne, da hagu yake kaɗa jitar. Na san Tinariwen na arewacin Mali da suka ci kyautar Grammy a 2012. Da Tamashek, harshen Buzaye, suke waƙa, maigadin ne ke gaya mini wannan ta kewar gida ce, wannan ta fari ce da mutuwar dabbobi. Yaya Mai Albasa, ga wadda za ta yi maka daɗi: Mdou Moctar a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da irin gyaran muryar da mawaƙan finafinan Hausa suke yi, kuma daga waya zuwa waya ya bazu kafin Turawa su san da shi. Abin ya fito daga ƙofar gidanmu, ni kuma sai a Ikeja na gamu da shi.

Ɗan Alaba Rago

Ni kam na ajiye kiɗa tun azumin bara. Ishiriniya da karatu nake ji, kuma zuciyata ta fi natsuwa. Ba wa'azi na zo yi wa kowa ba. Gaskiya dai in motar biki ta wuce da kalangu, har yanzu kunnena yana bin ta sai ta sha kwana.

Tsohon Direba, Apapa

Allah ya ƙara maka ƙarfi, ɗana. Ku yara kun same shi a waya, mu a kaset muka sani, in ya sarƙe ka sa biro ka naɗe. Na shigo Legas a 1983 ina yaron mota. Shata ne abokin tafiyarmu, duk direban da ya san hanyar Jebba da dare ya san abin da kalangunsa ke yi wa barci. Ranar da ya rasu a 1999, ba wanda ya yi hira a tashar nan.

Wanda iyalina ba su san ina ji ba shi ne Fela Kuti. A gida an san ni da kaset ɗin tafsiri, kuma ban taɓa taka Shrine, gidan da Fela yake wasa, ba, hayaƙin wurin da shigar matan ba tarbiyyata ba ce. Amma na kwana uku a layin shiga tashar jiragen ruwa, an karɓe ɗan kuɗin abincina a shinge ba laifin tsaye ba na zaune. A daren nan wani direba Inyamuri ya kunna Fela, yana waƙa da Turancin buroka, wanda ni ma nake ji. Abin da ke cina a rai shi Fela yake faɗa, ƙahoni suna amsa masa. Sojoji sun ƙone gidansa a 1977, bai yi shiru ba har ya mutu a 1997. Ban yarda da rayuwarsa ba, na yarda da wannan. Waƙarsa guda takan kai minti ashirin, sai in ɗaga gilashi in bar ta ta ƙare.

Mai Albasa, Mile 12

Baba Direba, Allah ya ƙara girma, wannan ta layin Apapa ta taɓa ni. Ƙanena na Ikeja, ranar Lahadi ba ma sauke kaya da yawa, zan shigo da memori. Ka zuba mini na Buzayen nan, musamman na Sakkwaton, ni kuma in kawo maka sakara ka ji gogen da kunnenka. Malam Tela, in kana kusa ka biyo mu da Barmani, a sifika za mu sa ta.