Neman shawara: ta ina zan fara rage ɓarna da gurɓata muhalli a kicin ɗina?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema. Kusan kullum sai an fitar da kwandon shara cike daga kicin ɗina: ledoji, robobin ruwa, guntun abinci, kayan miyan da suka ruɓe. Ga gas ba ya jimawa. Abin yana damuna, ina so in rage cutar da muhalli, amma duk abin da na gani a intanet cewa ake a sayi kwalaben gilas, a sauya tukwane, a koma murhun lantarki. Ni kuwa ba ni da halin sauya komai lokaci guda. Tunanina in tattara robobina in zubar, in sayi na gilas. Gidan haya nake, babu fili sai ɗan baranda. Ta ina zan fara?

Uwargida: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki zubar da roba ko ɗaya mai lafiya. Zubar da ita ƙarin shara ne, shi ma gilas ɗin sai an ƙona makamashi mai yawa kafin a narka shi. Ki ci gaba da amfani da robobinki har su fashe, sai dai ki daina zuba musu abinci mai tiriri ko ɗumame a cikinsu.

Inda za ki fara shi ne wannan abincin da kike zubarwa. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya nuna an zubar da abinci sama da tan biliyan 1 a shekarar 2022, kuma kusan kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. Duk ludayin shinkafar da ya tafi bola ya tafi da ruwan da aka yi ban ruwa, da takin, da man motar da ta yi dako, da gas ɗinki. Idan kuma shara ta danne shi ya ruɓe babu iska, sai ya fitar da iskar metan, wadda ta fi hayaƙin kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba.

Ki samu kofi ɗaya ki riƙa awo da shi, ki lura da abin da mutanen gidanki ke cinyewa, ki daina zubawa da ido. A firji ki ware gaban shelfi ɗaya ga abin da za a ci da wuri, domin abin da aka tura baya shi ake mantawa har ya yi funfuna. Ki raba albasa da dankali, zamansu wuri ɗaya na sa su lalace da sauri. Ayaba da tumatir nunannu suna fitar da wata iska mai sa abu ya nuna, to ki nisanta su da ganye. Ganyen kuma kada ki wanke sai za ki dafa, ki naɗe shi a ƙyalle mai tsabta.

Maman yara: Anti ta gama magana. Ni kan gas zan ƙara. Murfi, 'yar uwa, murfi! Tukunya a buɗe zafinta bin iska yake yi. Da ta tafasa ki rage wuta, domin ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar. Ki duba kada harshen wuta ya riƙa lasar gefen tukunya, a ƙarƙashinta ya kamata ya tsaya. Wuta shuɗiya ita ce lafiyayyiya. Idan kin ga ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, ƙofofin kan murhun sun toshe, ki cire ki goge. Wake ki jiƙa shi tun dare. In da abu ɗaya da za ki saya, ni tukunyar firesha zan ce, wato mai murfin da ke kullewa ya riƙe tururi, saboda zafin cikinta yana kai wajen digiri 120, abin da ke cin awa biyu sai ya nuna cikin ƙasa da awa ɗaya.

Wata 'yar uwa: Ni da gas ya ƙare gawayi nake komawa, ina ganin ai shi daga itace yake, ba zai kai gas illa ba.

Ma'aikaciyar jinya: A'a 'yar uwa, a nan kam ban yarda ba. Kafin a samu buhun gawayi sai an sare itace mai yawa an ƙona. Ga kuma lafiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, ciki har da ƙananan yara. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. In ya zama dole, a hura shi a waje, kada a taɓa shigar da shi ɗaki a rufe ƙofa. Ko gas ne ma a buɗe taga.

Mai gyaran firji: Hajiya, ki duba firjinki, shi ne ke jan wuta dare da rana. Ki saƙala takarda a bakin ƙofa ki rufe, ki ja. Idan ta zame ba wuya, robar ƙofar ta saki, sanyi na zurarewa. Ki matsar da shi daga bango, ki nisanta shi da murhu, ki share ƙurar bayansa. Digiri 4 ya isa firji, firiza kuma 18 ƙasa da sifili. Kuma a daina sa abinci da zafinsa.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, haka ne, amma kada a bar shi ya wuce awa biyu a waje da sunan yana hucewa, musamman shinkafa. A raba shi a kwanuka marasa zurfi ya huce da wuri.

Maman yara: Batun leda kuma, ki ajiye jakar yadi a bakin ƙofa don fita cefane. Kada ki dogara da cewa za a sake sarrafa roba, kusan kashi 9 cikin 100 kawai na sharar roba a duniya ake sarrafawa. Tsohon man girki kuma kada ya bi magudana, yana daskarewa ya toshe bututu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Robobina sun tsira. To Anti, ɓawon kayan miya fa? Ina son yin taki, amma ina tsoron wari da ƙuda a baranda, ga maƙwabta.

Uwargida: Ki samu bokiti mai murfi ki huhhuda gefensa da gindinsa, ki sa faranti a ƙasa. Duk lokacin da kika zuba ɓawo, ki rufe shi da busasshen ganye ko yagaggen kwali wanda ya ɗan fi shi yawa. Nama, ƙashi, mai da madara ba sa shiga, su ne ke kawo wari da ɓera. Ki juya shi duk mako. Idan kin ji ya fara wari, ya jiƙe da yawa ne, ki ƙara kwali. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi yana ƙamshin ƙasa, sai ki gauraya da ƙasa a tukunyar shuka.