Neman shawara: testosteron ya ƙi ɗaga bita-glukuronides a ƙodar ɓeraye

Assalamu alaikum malamai. Aiki ya cije mana a ɗakin gwaji nan Samaru, Zariya.

Abin da aka sani shi ne testosteron, homon ɗin maza, na ƙara yawan enzayim ɗin bita-glukuronides a ƙodar ɓera, kuma ƙwayar gadon Gus da ke kan kuromosom na 5 ce ke da ruwa da tsaki a girman ƙarin. A jinsin ɓeran gwaji A/J enzayim ɗin kan tashi sosai, a jinsin C57BL/6 bai kai haka ba.

Mun yi amfani da ɓeraye mata na jinsunan biyu, don kada homon ɗin maza ya rikita lissafi. Aka dasa musu ƙwayar testosteron ƙarƙashin fata, bayan kwana 14 aka cire ƙoda aka niƙa, aka auna enzayim ɗin da p-nitrofenil glukuronid (sinadarin da yake fasawa) a pH 4.6, karatun haske a nanomita 405. Nauyin ƙodar ya ƙaru, alamar homon ya shiga jiki. Amma enzayim ɗin, da kyar ya ninka na waɗanda ba a dasa wa ba, kuma jinsunan biyu kusan kunnen doki.

Zarginmu ya fi karkata ga firiza: an ɗauke wuta, samfurin ya narke ya sake daskarewa sau biyu. Sai dai ba mu saka Triton X-100 (sinadari mai kama da sabulu da ke fasa laisosom) wajen niƙa ba, alhali yawancin enzayim ɗin cikin laisosom yake, wato ƙananan jakunkunan da ke cikin ƙwayar halitta. Wanne ya fi iya jawo wannan? Kuma tunda ƙoda na zubar da shi cikin fitsari, mu tara fitsarin awa 24 mu auna, ko ɓata sinadari ne kawai?