Yaya za mu tsara bayar da kayan da aka yi amfani da su a unguwa ba tare da an kunyata kowa ba?

Uwargida daga Mabera:
Assalamu alaikum. A unguwarmu akwai gidaje da yawa da ke jibge da kayan da ba a amfani da su: keken ɗinkin da ya shekara a lulluɓe, littattafan firamare da yara suka wuce, tufafin jarirai, da kwanukan da suka yi wa amare yawa. Ga kuma 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu a Sabon Birni da Isa da Rabah, waɗansu sun shigo garin Sakkwato ko tabarma ba su da ita. Muna son buɗe zaure a WhatsApp inda mai kaya zai sanar, mai buƙata ya karɓa kyauta. Abin da ya tsayar da mu shi ne kunya, domin matar da aka sani da rufin asiri ba za ta fito a bainar jama'a ta ce tana son tsohuwar katifa ba. Mene ne shawararku?

Malamin makaranta daga Arkilla:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya saka da alheri. A Amurka an daɗe da irin wannan tsari, domin an kafa ƙungiyar Freecycle a birnin Tucson a 2003, aka kuma fara wata mai suna Buy Nothing a 2013, kuma ƙa'idarsu ita ce kyauta zalla, ba kuɗi ba musaya. Sai dai su mai buƙata yakan bayyana kansa a fili, wanda ba zai yi tasiri a Sakkwato ba. Shawarata ita ce a riƙa saka hoton kayan kaɗai, wanda yake so kuma ya tuntuɓi amintattu biyu da unguwa ta yarda da su, mace ɗaya namiji ɗaya, a asirce. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne masu hali su ma a riƙa ganin suna karɓa, ko da littafin lissafi ne na ɗan aji huɗu, domin muddin aka fahimci cewa zauren na mabuƙata ne kaɗai, to waɗanda suka fi cancanta su ne za su fara ƙaurace masa.

Ɗalibin ilimi daga Kanwuri:
Ina goyon bayan Malam, amma ina jan hankali kan ingancin abin da ake bayarwa. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya zaɓi mummuna ya ciyar, abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido, aya ta 264 kuma ta yi gargaɗi kan ɓata sadaka da gori. Saboda haka a hana ɗaukar hoton wanda aka bai wa kaya. Haka nan ba kowane abu ake bayarwa dungurungum ba. Tsani da baro da manyan tukwanen biki sun fi amfani idan aka ajiye su don aro.

Mai gyaran kayan lantarki daga Tudun Wada:
Hajiya, a kula da lokaci. Bargo da rigar sanyi a tara su tun watan Oktoba kafin hunturu ya kama almajirai, fanka kuwa kafin zafin Maris da Afrilu. Duk abin da ke aiki da wuta a kai wa mai gyara ya duba wayarsa, domin tsohon dutsen guga na iya jawo gobara. Katifa a bincika ɗinkinta saboda kuɗin-cizo, a kuma shanya ta a rana. Ragowar magani kada a karɓa ko kaɗan. Abin da ya lalace har ba ya gyaruwa a sayar wa 'yan jari-bola, a biya kuɗin Keke Napep ɗin kai kaya da shi. Kuma da yawa daga cikin 'yan gudun hijira ba su da babbar waya, sai an bi ta hannun mai unguwa ko limamin masallaci. Za a samu masu karɓa su kai wa 'yan gwanjo, amma ni ban ga laifinsu ba, tunda wanda ya sayar da riga ya sayi gero buƙatarsa ya biya.

Uwargida daga Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Za mu ɗauki shawarar amintattu biyu da ta mai unguwa. A kan sayarwa kuwa, Malam mai gyara, na yarda da kai game da tufafi, amma ban yarda ba game da keken ɗinki, domin wadda ta bayar da shi so take wata ta samu sana'a. Irin wannan za mu bayar da shi aro na wata shida, idan aka ga ana ɗinki da shi sai a bar wa wadda aka bai wa aron.