Awo Kafin Inji: Shawarwarin Masu Ƙera Ƙananan Injuna a Jidda

Da masu sha'awar ƙera ƙananan injunan tururi suka zauna hira bayan isha'i a Jidda, bakinsu ya zo ɗaya: ɗan kuɗin da ke hannu a fara zuba shi a ma'auni mai kyau, na auna kauri da tsawon ƙarfe. Injin feƙe ƙarfe kuwa, na gwanjo daga kasuwar Harajus Sawarik ma ya wadatar.

Sai dai tsohon inji, sukurun da ke tura wuƙarsa ta feƙe ƙarfe yakan yi lilo, ya ɓata awo. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, kullum tura wuƙar ta gefe ɗaya. In ka zarce, ja baya sosai ka sake tahowa."

An fi daɗewa kan zafi, kuma a ganina nan maganar take. Ma'aunai a zafin digiri 20 na Salshiyas ake daidaita su. Alminiyam mai tsawon milimita 100, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 20, yakan miƙe da kusan milimita 0.05, abin da ya isa fistin ya cije. A bar ƙarfe ya huce kafin a auna.

Gilashi mai kauri yana maye gurbin teburin awo mai tsada, wato shafaffen dandamalin da ake ɗora abu a kai a auna. Ƙwallon boris kuma, tunda girmansa sananne ne, da shi ake gwada ko ma'auni na ƙarya.