Neman shawara: yatsana ya sandare bayan tiyata, kawuna na so mu je wurin mai ɗori

Tela daga Gangare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a nan Jos, da aikin wuyan riga na hannu nake ci da iyali. Ranar jajibirin Babbar Sallah muna sauke bijimi daga mota sai ya fizge, igiyar kuwa na maƙale a kan yatsana na zobe, hannun dama. Ba jini, ba rauni, kumburi kawai, kowa ya ce targaɗe ne. Amma in na dunƙule hannu, gaɓar ƙarshe ta yatsan sai ta tsaya a miƙe. Hoto bai nuna karaya ba. Likitan tiyata ya ce jijiyar da ke lanƙwasa kan yatsan ce ta ɓalle daga ƙashi ta gudu tafin hannu, aka yi aiki cikin makon aka mayar da ita.

Yanzu ina mako na 5, hannun na cikin wata roba da aka ɗaura ta baya, ta rufe har yatsu huɗu. Yatsan ya sandare, musamman da asuba cikin sanyin daminar nan. In na lanƙwasa shi da hannun hagu yana tafiya, in na ce ya yi da kansa sai ya tsaya a rabi. Kuɗin zuwa gashi, wato atisayen motsa gaɓa a asibiti, ya fara fin ƙarfina, masu kaya kuma sai waya suke. Kawuna ya ce mu je mai ɗori ya ja shi sau ɗaya ya saki, ni kuma ina jin nauyin yi masa musu, shi ya biya rabin kuɗin aikin. Don Allah ku ba ni shawara.

Ma'aikaciyar sashen gashi, Abuja:
Wa alaikumus salam Malam, sannu da jiki. Don girman Allah kada kowa ya ja yatsan nan. Ba gocewar ƙashi ba ce, jijiya ce aka ɗinke, kuma ba ta kai cikakken ƙarfinta sai wajen mako 12. In aka miƙar da yatsan da ƙarfi yanzu tana iya sake ɓallewa, aiki na biyu kuwa ya fi na farko wuya da tsada.

Tunda tela ne kai, ka ɗauki jijiyar kamar zariya a cikin ƙubakar wando: sai tana zamewa sannan take aiki. Bayan tiyata tabo kan so ya manne ta da hanyar da take bi. Abin da ka faɗa, cewa da taimako yana lanƙwasuwa amma da kansa yana tsayawa, sau da yawa alamar wannan mannewar ce. Maganinta motsi kaɗan-kaɗan, akai-akai, daidai yadda aka koya maka, yawanci duk awa ɗaya ko biyu in kana farke. Wanda ke yi da yawa sau ɗaya a wuni ya bari bai kai wanda ke taɓawa kaɗan duk sa'a ba.

An haɗa yatsu huɗu a robar ne saboda jijiyoyin kan yatsan tsakiya, na zobe da ƙaramin yatsa daga tsoka ɗaya suke fitowa. In ka riƙe almakashi da sauran yatsun, ka ja wurin ɗinkin ke nan. A yadda aka saba, robar kan kai mako 6, sannan ƙananan ayyuka, atisayen ƙarfi daga wajen mako 8, kaya masu nauyi sai bayan 12. Likitanka ne zai yanke, shi ya ga abin da ya ɗinke. In kana shan sigari ka ajiye, tana jinkirta warkewa.

Kafinta daga Bukuru:
Ƙanina, ji maganar Hajiya. Gilashin taga ne ya yanke min jijiyar manuniya. Da na ga ciwon ya rufe sai na cire robar don na gama wata ƙofa. Ina ɗaga katako na ji wani abu ya yi ɗas a tafin hannuna, ko zafi sosai babu, yatsan ya koma sanda. Sai da aka ciro jijiya daga tsintsiyar hannuna aka dasa. Fata na rufewa da wuri, cikin kuwa da sauransa.

Baba daga Rikkos:
Ni ba na son yadda ake raina masu ɗori, mun ga waɗanda suka warke a hannunsu tun kafin a haife ku. Amma mai ɗorin kirki da kansa, in ya ga ɗinkin asibiti, zai ce ba nasa ba ne. Yaro, kada ka yi wa kawunka gardama. Ka roƙe shi ya raka ka asibiti ya ji daga bakin likita. Babba ya fi karɓar magana in an ba shi girmansa.

Maman 'yan biyu, Unguwar Rogo:
Batun kuɗi, ka gaya wa mai yi maka gashin gaskiya. Lokacin da ɗana ya ƙone a hannu haka na yi, ta rage mana zuwa, na ɗauki bidiyon atisayen a waya muna bi a gida. Akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, akwai a asibitin Jankwano, ka tambayi wanda ya saba da hannu, don ba kowa ba ne. In wani ya ce zai riƙa zuwa gida, ka tabbatar yana da rajista da MRTB, hukumar da ke yi wa masu aikin gashi rajista. Kayan mutane kuma ka ba yaran shago, kai ka zauna kana zana musu da baki. Mai riga zai yi fushi ya huce.

Tela daga Gangare:
Allah ya saka da alheri, Baba zan bi shawararka. Hajiya, ya zan yi da sujada? Kuma in ya ƙi sakewa fa?

Ma'aikaciyar sashen gashi, Abuja:
Kada ka dafa ƙasa da hannun, ko wajen sujada ko wajen tashi, kada nauyinka ya hau kansa. Hukuncin alwala da shafa a kan ɗauri ka tambayi malaminku. Da asuba ka lulluɓe hannun ya ɗumama kafin atisaye. In an ba ka izini, ka riƙa murza tabon da man shafawa a hankali, kana ɗaga hannun sama da ƙirji in ya kumbura.

In an kai wata 3 zuwa 6 ana gashi sosai bai ƙara gaba ba, akwai aikin da ake yi a ɓamɓare tabon daga jijiyar, likitanka zai yi ko ya tura ka inda ake yi, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ba ka kai nan ba tukuna. Amma in ka ji ɗas, ko kan yatsan ya daina motsi gaba ɗaya, ko ka ga ruwa ko ja a wurin ɗinkin, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka koma asibiti a ranar.