An sayar min da khal a matsayin magani

Maman Ilham: Jama'a wallahi an cuce ni. Wani mai shagon magunguna ya sayar min da 'yar kwalba dubu 15, wai balsamik, maganin ciwon gwiwa. Na kai gida ƙanwata ta duba ta ce khal ne da ake zuba wa salak!

Abu Safwan: Hajiya, ai bai yi ƙarya duka ba. Balsam da Larabci abin da ake shafa wa rauni ne ya warke. Kalmarmu ce Turawa suka kwashe.

Injiniya: Kalmarku ku wa? Turawa daga Girkanci suka samo ta, balsamon. Tushenta ƙamshi ne, da Ibrananci bosem. Asali ƙaron wani itace ne ɗan'uwan dashi, yana fitowa a Hijaz da Yaman.

Abu Safwan: To Hijaz a Girka take?

Anti Turare: Injiniya ya yi gaskiya, ƙamshi ne. Shekarata nawa ina haɗa humra, ba a koya min wannan.

Ɗan Fagge: Anti, da ke aka tambaya ko barkono ma turare ne.

Anti Turare: Yaro, ka iya bakinka. Ba sa'arka ba ce ni.

Injiniya: Khal ɗin nan ko ɗigon balsam babu a ciki. A Modena da Reggio Emilia na ƙasar Italiya ake yinsa, ruwan inabi ake dafawa a zuba a gangunan katako. Na gargajiyar sai ya shekara 12 aƙalla, wani 25, kwalbarsa mililita 100. Na kasuwa kwana 60 ya isa, kuma da khal ɗin giya ake haɗa shi.

Ɗan Fagge: Giya?! Innalillahi. Hajiya kin sha?

Abu Safwan: Ka nutsu malam. Giyar da ta juye khal da kanta ta halatta. Kuma Annabi (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗi, yana cikin Muslim.

Injiniya: Mahaɗin abinci aka ce, ba a ce gwiwa ba.

Abu Safwan: Ku 'yan boko dama komai sai kun rage masa daraja.

Shugaban zaure: Ya isa haka. A taƙaice dai an tabbatar balsam Larabci ne kuma waraka yake nufi, kamar yadda Malam Abu Safwan ya kawo hujja. Sauran zancen Girka ne.

Maman Ilham: Ni fa tambayata, in mayar masa da kwalbar ko kuwa? Na riga na buɗe.