Sherbrooke ko Monreyal? Ina biɗar shawara kan zaman garin ƙanƙara

Mahamadu ɗan Tawa:
Salamu alaikum. Manya ina gaisuwa, tsarana barkanmu da war haka. Shawara nake biɗa, musamman wurin waɗanda suka taɓa zama Kanada.

Ni ɗan Tawa ne, aiki ya ajiye ni Yamai shekara shida ke nan. Allah ya sa na samu gurbin karatun mastar wuri biyu a jihar Kebek, ɗaya a Monreyal, ɗaya a wani gari da ake ce wa Sherbrooke. Na Sherbrooke ya fi dacewa da abin da nake son karantawa, kuma malamin da zai duba aikina ya ce akwai ɗan tallafi. To amma na ga hotunan garin cikin hunturu, mota ta nutse cikin dusar ƙanƙara sai rufinta kaɗai ake gani, gabana ya faɗi. Ni da jaurar Disamba ta Tawa ke sa ni kwana da bargo biyu.

An ba ni zaɓi in fara a Janairu ko in jira ƙarshen Agusta. Ina da mata, madam ce a firamare, da ɗiya 'yar shekara biyu. Wane garin zan ɗauka? Yaushe zan tafi? In tafi da iyali ko in bar su wajen Inna tukuna?

Sani Ƙonni:
Haba ɗan Adar! Kakanninku sun tafi biɗa har Abijan ba su san kowa ba, kai ƙanƙara za ta tsorata ka? Ka tafi kawai. Watan Afrilu in muna gasuwa cikin zafin 43 ka turo mana kaɗan a kula.

Issoufou Injiniya:
Sani, kai da ko Agadas ba ka taɓa kwana ba cikin ɗari, bar wa waɗanda suka sha abin su yi magana.

Mahamadu ƙanena, na yi shekara biyar a Sherbrooke. Garin ba ƙauye ba ne, mutanensa sun haura 170,000, kuma tsakaninsa da Monreyal wajen kilomita 150 ne, awa biyu a kar, wato bas. Amma ba birni ba ne irin wanda kake gani a talabijin. Gari ne na tudu da gangare, koguna biyu, Magog da Saint-François, sun haɗu a tsakiyarsa, ɗalibai sun yi yawa, ƙarfe tara na dare kuma tituna sun yi tsit.

Sanyin gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. Dusar da ke sauka a shekara ta kusa mita uku in an tara, tana farawa wajen Nuwamba, sai Afrilu take sakin ƙasa. A Janairu ƙasa da sifili da 10 ko 15 abin yau da kullum ne, wasu darare har 30. Ka tuna firiza ta gidanka a 18 take. Kuma ba lambar ma'auni kaɗai za ka duba ba, ka duba abin da suke kira ressenti, wato yadda iska ta ƙara wa sanyin kaifi. In ya kai ƙasa da sifili da 30, kunne ko yatsa da ke waje na iya daskarewa cikin rabin awa ko ƙasa da haka. Shekarata ta farko na fito daga wanka da ɗanyen gemu na tsaya jiran kar, gemun ya koma kamar tsintsiya.

Duk da haka sanyi yana da magani, maganin kuma kaya ne. Kada ka ɓata kuɗinka kana sayen rigar sanyi a Babbar Kasuwa ko Wadata, abin da ake sayarwa nan na jaura ne. Ka bari sai ka isa, ka shiga shagunan gwanjonsu. Abu huɗu kada ka yi musu rowa: takalmi mai tsawo da ruwa ba ya shiga, babbar riga, safar hannu, da hula mai rufe kunne. Ciki kuma ka jera kaya sama da sama, don da ka shiga aji ko kar zafi za ka ji, sai ka rage. Ɗaki, aji, masallaci, kanti, ko'ina an ɗumama. A gaskiya na fi jin ɗari a ɗakinmu na Tawa da asuba fiye da ɗakina na can.

Abin da ya fi dusa mugunta shi ne ruwan da ke sauka ya daskare a kan titi, ya zama kamar gilashi. Da gangaren garin nan, in ba ka yi tafiyar agwagwa ba sai ka ji ka a ƙasa. Na faɗi sau uku, na ukun da buhun shinkafa a kafaɗa. Irin wannan ruwan ne a Janairun 1998 ya karya turakun kuran, wato wutar lantarki, a kudancin Kebek, wasu garuruwa suka yi makonni cikin duhu. Har yau tsofaffinsu na ba da labarin.

Amfanin garin gare ka: tun 2004 ɗaliban jami'ar Sherbrooke suna shiga kar ɗin gari da katinsu na ɗalibi, ba sai sun yanki tikiti ba. Saboda haka kada ka yi saurin sayen mota. Mota can ɗawainiya ce: doka ta tilasta tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, ga asiransi, ga haƙo ta da shebur kowace safiya, ga dokar hana kwana da ita bakin titi lokacin kwashe dusa. Haya kuma ta fi ta Monreyal sauƙi, ko da yake ta hau sosai shekarun nan. In za ka sa hannu a takardar haya, ka duba ko an rubuta chauffé, ma'ana kuɗin ɗumama ɗaki na cikin haya. In babu, takardar kuran ta Fabrairu za ta sa ka salati. Yawancin hayarsu ta shekara ce, tana ƙarewa 30 ga Yuni, ranar 1 ga Yuli kowa ke ƙaura. Wanda ya zo Janairu, abin da aka rage shi zai tarar.

Don haka amsata a kan lokaci: Agusta. Ka isa ana zafi, ka ga ganyaye sun koma ja da ruwan ɗorawa a Oktoba (ban ga abin da ya kai wannan kyau ba), sanyi ya shige ka kaɗan kaɗan. Sauka daga jirgi a Janairu, daga Yamai kai tsaye cikin firiza, ba gida, ba riga, ba aboki, wannan cin zalin kai ne.

Abdul-Aziz Gamkalle:
Yaya Issoufou ya faɗi gaskiya a kan kaya, amma ni Monreyal zan ce. Shekara uku nake nan. Sanyin kusan ɗaya ne, sai dai nan akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma a tsakiyar birni akwai hanyoyi da shaguna ƙarƙashin ƙasa da za ka yi ta yawo ba ka leƙa waje ba. Naman halal ko'ina, shagunan kayan Afirka sun fi ƙirga, 'yan Nijar kuma muna da yawa, ana suna, ana buɗa baki tare. Sannan aiki. Ɗalibi na da izinin awa 24 a mako a wajen jami'a, kuma wurin samun aikin ya fi faɗi nan. In ka gama karatu ma, da yawa daga waɗanda suka yi ƙananan garuruwa nan suke tahowa. Jirgi daga Kazabalanka nan yake sauke ka, Sherbrooke sai ka ƙara kar.

Haya ce kawai matsala, tana cin rabin abin da mutum ya samu. Dalarsu ɗaya wajen sefa 400 ce, wato dala tamanin irin tamu, amma kada ka riƙa juya farashi zuwa sefa a kanti, ba za ka iya sayen ko tumatir ba.

Hajiya Rabi:
Duk maza ne suka yi magana, kowa na ta lissafin takalmi da kar. Mahamadu ɗana, ni bari in yi maka maganar matarka, don ni aka kai irin wannan garin ina da goyo. Ba Sherbrooke ba, Trois-Rivières, shi ma a Kebek, amma duk kanwar ja ce.

Kai da safe za ka fita jami'a, ka ga mutane, ka yi gardama, ka sha kafe. Ita fa? A Disamba ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi. Ka leƙa taga, fari ƙal, ba mai tallan fura, ba almajiri, ba yaran maƙwabta, ko kukan akuya babu. Maƙwabciyarka za ta yi maka murmushi a matakala, mutanen kirki ne ƙwarai, amma ba a shiga gidan mutum sai da alƙawari. Ni da na tashi gidan da ba a rufe ƙofar zaure, na yi kwana tara ban yi magana da babban mutum ba sai Alhaji. Kafin ka shirya yarinya ku fita, riga kan riga, takalmi, safa, hula, minti ashirin ta tafi, kuna kaiwa ƙofa ta ce fitsari. Sai ka ce a bar fitar. Haka ake fara zama cikin ɗaki, haka kuka ke zuwa ba dalili. Ka kira gida, tsakaninku awa shida cikin hunturu, lokacin da kewa ta fi cin ka su sun yi barci.

Ban san ciwo ba ne sai da likita ta gaya mini. Ta ce ƙarancin hasken rana na taɓa zuciya, kuma mu masu baƙar fata jikinmu bai samun isasshen bitamin D a irin ranar can. Ta rubuta mini shi, ni da yarinyar, ta ce kullum in fita ko na minti talatin ne da tsakar rana, ko ana zuba dusa. Abin da ya tashe ni ke nan, shi da ɗakin karatu na unguwa inda ake tara iyaye da yara. Shekara ta biyu ni ke jan ɗiyata a kan abin sulu, tana dariya har da hawaye. Yara ba ruwansu, su ƙanƙara wasa ce.

Sai maganar aikinta. Ka ce madam ce. In tana sa hijabi, ku sani tun 2019 Kebek na da doka mai lamba 21 da ta hana sabbin malaman makarantun gwamnati sa alamar addini a bakin aiki. Ko ba wannan, takardarta ta nan ba ta isa ta shiga aji ba sai ta samu izinin koyarwa na can. Kada ka ce mata "da mun isa za ki samu aji". Ka gaya mata gaskiya tun nan, ta yi shawara da kanta. Wurin renon yara ma layi ne mai tsawo.

Ni dai na ce ka riga su. Ka tafi Agusta, ka sha hunturu ɗaya kai kaɗai, ka kama gida mai kyau kusa da tashar kar, ka san matan 'yan'uwa da ke garin. Su taho Mayu ko Yuni, gari ya yi kore. Amma kada wata tara ya zama shekara uku, mun ga irin wannan.

Mahamadu ɗan Tawa:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba, ni duk tunanina na kan riga. Tana sa hijabi kuwa.

Malam Habibu:
Ƙari kaɗan a kan ibada. Akwai masallaci a Sherbrooke, ba nisa da jami'a, ana Juma'a. Amma lokuta za su ruɗe ka. A Disamba azahar kafin sha biyu, la'asar wajen biyu saura, magariba huɗu da kaɗan, salla uku cikin awa huɗu da 'yan kai, duk kana aji. Ka koyi riƙe alwala, ka kuma tambayi malamai hukuncin shafa a kan huffi tun kafin ka tashi. A Yuni kuma lisha sai bayan goma na dare, asuba wajen uku. Sa'arka ɗaya, shekarun nan azumi cikin hunturu yake faɗowa, gajere ne, ba ƙishirwa. Wanda ya yi azumin Mayu a Tawa zai ga kamar wasa.

Zeinabou:
Yaya, kada ka saka kilishi a jaka. Irin wannan naman daga nan ba ya shiga, za a karɓe a filin jirgi, in kuma ka ɓoye aka gani akwai tara. Kuka, kuɓewa busassa, yaji, su ka rubuta a takardar shiga ka nuna musu. Man kaɗe kuma ka riƙe da yawa, iskar ɗakin da aka ɗumama ta fi hunturun gida fasa leɓe da dunduniya.

Abdul-Aziz Gamkalle:
Maganar Hajiya ai ita ce hujjata. In kaɗaici ne matsalar, a kawo ta inda 'yan gida suke.

Issoufou Injiniya:
A Monreyal ɗin ma mace na iya zama hawa na shida ba ta ga kowa ba, 'yar'uwarta na can wani gefen birni, tafiyar awa guda. A Sherbrooke mu 'yan Afirka ta Yamma ba mu da yawa, shi ya sa muka san juna. Ranar da matata ta haihu, 'yan Mali da 'yan Senegal ne suka cika gidan da tukwane. Kuma mutum karatu ya je yi. Malamin da ya san sunanka, har ya ce zai tallafa, ba a barin shi don jirgin ƙarƙashin ƙasa. Abu ɗaya zan ƙara, Mahamadu: dokar izinin aiki ta matan ɗalibai ta canza a Janairun 2025, ga mastar sai karatun ya kai wata 16. Ka duba tsawon naka a takardar da suka aiko.

Mahamadu ɗan Tawa:
Na duba, wata 24 ne. Jiya da dare na karanta wa matata, maman Nana, maganar Hajiya daga farko har ƙarshe. Ta yi shiru, sannan ta ce ita dama ba ta son barin ajinta a tsakiyar shekara, in tafi in gani tukuna, amma ita ba za ta koma Tawa wajen Inna ba, a Yamai za ta zauna da ƙanwarta. Wannan kuma wata shari'ar ce da zan yi da Inna.

Na rubuta wa malamin na ce Agusta. Yaya Issoufou, zan kira ka a kan unguwar da ta dace da haya. Takalmin nan kuma, ina sa 43, an ce a ƙara lamba ɗaya saboda safa mai kauri, haka ne?

Issoufou Injiniya:
Ƙara ɗaya. In ya matse, jini bai zagayawa, yatsun sun fi saurin daskarewa. Kira ni bayan lisha.